Ga wanda zai gaji kwanon haidirojin

Sabon ɗalibin da za a ɗora wa aikin auna kwanon ruwan haidirojin da muke harba wa foton (ƙwayoyin haske) a lokacin da babu komai a ciki, kada ka yarda a ce maka aikin yara ne. Ni an faɗa mini haka, a gaban jama'a kuma.

Ka san abin da muke nema. Idan furoton, wato ƙwayar da ke tsakiyar atom ɗin haidirojin, ya shiga filin lantarki ko na maganaɗisu, cajin da ke cikinsa yakan ɗan gusa, surarsa ta ɗan lanƙwashe. Mu kuma mu harba masa foton mu ga yadda suka watse, irin watsuwar da Compton ya bayyana a 1923. Lanƙwasar lantarki wajen 11 ce a ma'aunin 10⁻⁴ fm³ (fm shi ne femtomita, tsawo kusan girman furoton), ta maganaɗisu ko kusan 3 kacal, ƙa'idar Baldin ta ce jimillarsu wajen 14. Ta maganaɗisun ce mai wahalarwa, don tasirin Delta (furoton da ya samu ƙarin kuzari) da na fiyon (ƙananan ƙwayoyin da ke kewaye da furoton) suna ja-in-ja a cikinta har su kusa soke juna. Foton ƙalilan da suka watse daga tagar kwano, ba daga ruwan haidirojin ba, sun isa su karkatar da ita, shi ya sa ake auna kwanon babu komai a cire ƙidayar tagar.

To, ni na lura ƙidayar tagar tana hawa sannu a hankali. Kwanon yana wajen digiri 20 na Kelvin (wajen −253 a ma'aunin Celsius), duk ɗan danshin da ya rage sai ya daskare a jikinsa. Na kai wa Farfesa jadawalin, ko ɗago kai bai yi ba. "Kai dai ka cire, ka kawo mini lamba." Da aka zo babban taro sai ga jadawalina a kan allo, har da kalar da na zaɓa, yana cewa "abin da na gano". Sunana yana can ƙasa cikin godiya. Na yi tafi tare da kowa, me zan ce?

Sauran shawarwarin ba su da yawa. Da zarar ƙarfin foton ya haura wajen MeV 145 (MeV ma'aunin kuzarin ƙwayoyi ne), fiyon maras caji zai fara fitowa, ya rabu foton biyu, ɗayan ya yi maka shigar burtu kamar foton da ya watse daga furoton. Ka tsai da sharuɗɗan tace bayanai kafin ka leƙa lambar lanƙwasar da duniya ta amince da ita. Duk abin da ka gano kuwa, ka aika wa rukunin baki ɗaya a rubuce, da kwanan wata, kafin ka ƙwanƙwasa ƙofar ofishin Farfesa.