MAC ɗin da ya maƙale a VF ya kusa ja mani kunya a Gusau

Wallahi har yanzu in na tuna daren nan sai raina ya ɓaci, don abin da ya jiƙa mani aiki layin umarni ɗaya ne kacal, layi ɗaya!

Saba biyu, wato manyan kwamfutoci, muke da su a ofis, akwai VM guda, wato kwamfutar da aka ƙirƙira da manhaja a cikin saba, da ke riƙe da lissafin masu POS, ita na ba VF, wato wani yanki na katin netiwok, kai tsaye ta SR-IOV (dabarar raba kati ɗaya zuwa yankuna) saboda gudu. To kowa ya san matsalar, a yawancin katuna VM mai VF ba ta ƙaura zuwa wata saba tana kunne. Shi ya sa na haɗa mata virtio, wato katin netiwok na manhaja, a matsayin ɗan jiran ko-ta-kwana. Wannan ɓangaren bai ba ni wuya ba, net_failover mai sauya aiki tsakanin katunan biyu yana cikin kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar, tun 4.18, QEMU mai gudanar da VM ya kawo failover=on a 4.2, libvirt mai sarrafa QEMU kuma teaming a 6.1, ka ba VF da virtio MAC iri ɗaya, wato lambar shaidar kati, cikin VM ka ga katuna uku, ka sa IP a kan babban kawai ka bar sauran biyun. Na gwada da wata ƙaramar VM da ba ta aikin komai, ta ƙaura cikin ƙiftawar ido, na ce shi ke nan mun gama. Ashe gwajin banza na yi.

Ranar da za mu canza fankar saba ta ɗaya na ce ma Oga, ranka ya daɗe ba sai mun kashe komai ba, ko mutum ɗaya ba zai lura ba. Da bakina na faɗa. Bayan isha'i na danna ƙaura, QEMU ya zare VF, virtio ya karɓa kamar yadda aka tsara, sai kawai waya ta fara ƙara, masu shago suna cewa abu ya tsaya. VM tana raye, katin yana kunne, ARP ma, wato saƙon neman MAC ɗin mai IP, yana shigowa, amma babu amsa ko ɗaya. Ga VM ɗin babba ce, RAM 32GB kuma ana ta rubutu a ciki, ƙaurar tana jan ƙafa, ni kuma ina ta zufa ina zargin suwic, akwatin da ke haɗa kwamfutoci, har kebul na sake, janareta na ta shan mai.

Sai da na sa tcpdump mai leƙa zirga-zirgar netiwok a kan tap, wato ƙofar virtio ta ɓangaren saba, na ga fakiti, wato ƙullin saƙonni, suna fita amma ba sa dawowa, nan jikina ya yi sanyi. Gadar da ke haɗa virtio da waje tana kan PF, wato uwar katin nan ɗaya da VF ɗin ya fito. An zare VF daga cikin VM, amma shi katin ba wanda ya gaya mashi, a ɗan suwic ɗin da ke cikinshi MAC ɗin nan har yanzu na VF ne, duk fakitin da ya zo da sunan sai ya tura shi ɗakin da ba kowa. ARP kuwa kowa ake aika ma, shi ya sa yake wucewa yana yaudarata. Na buga umarnin ip link set na mai da MAC ɗin VF sifili, kafin in ɗaga hannu ping, saƙon gwajin ko ana amsawa, ya dawo. Na zauna ina kallon sikirin kamar wanda aka mara.

Abin haushin, matakin nan yana rubuce a takardun kanel ɗin, na gani da idona na tsallake don ina ganin ai libvirt ya ɗauke mana duk wannan. A can sabar da za a koma ma haka ne, in VF ɗin can ya riga ya ɗauki MAC ɗin tun VM ba ta iso ba, ka lura da kyau ina fakitinka suke zuwa.

Yanzu ba na yarda da gwajin da ya ƙare cikin daƙiƙa biyar. Ina zare VF da hannu, in bar VM a kan virtio kaɗai minti goma cur, ina ping daga wata kwamfuta a waje, ba daga cikin sabar ba, sannan in taɓa ƙaura. Oga bai yi mani faɗa ba, ya dai ce Malam ai ka ce ba wanda zai lura, har yau in zan taɓa saba sai ya maimaita mani ita yana dariya.