Maharban da ke cikin takina

Sana'ata haɗa taki ce da renon dashe. Ina da garka a bakin garin Tawa, da ramuka 8 ƙarƙashin inuwar bedi, da yara huɗu masu aiki, da amalanke ɗaya da jakinsa. Abin da masu gida ke sharewa su banka wa wuta da safe, shi muke bi unguwa-unguwa muna kwashewa: ganyen bedi da na mangwaro, ƙaiƙayin gero, kashin awaki da na shanu, da tokar murhu. Ganyen gawo sai farkon damina, domin shi gawo lokacin da sauran itatuwa ke tohuwa yake zubar da nasa. Mu jera su hawa-hawa a rami, mu yayyafa ruwa, mu rufe da tsohuwar zana. Duk kwana 15 a juya. Cikin wata uku abin ya yi baƙi, ya yi laushi, yana ƙamshin ƙasar ruwan farko. Masu albasa daga wajen Galmi sun fi kowa saye, sai masu tumatir da kabeji, sai manoman tudu masu zubawa a ramukan tassa, wato ƴan ramukan shuka da ake haƙawa a gona don tare ruwa.

Shekarun farko na ɗauka zafin rami ne ke yin aikin duka. Sai ranar nan ina tankaɗe takin da ya huce, na hangi wasu ƴan abubuwa ja-ja, ba su kai ƙwayar lamti ba, suna gudu a tafin hannuna kamar an kore su. Gabana ya faɗi. Na ce ƙwarƙwatar kaji ce ta shigo ta hanyar kashin kaji, kuma in masu saye suka gani, kasuwa ta watse. Na tafi wani shagon maganin ƙwari, mai shagon bai ko tambaye ni abin da na gani ba, ya miƙo kwalba. Na feshe ramuka uku.

Da wannan takin na cika wasu ledojin dashen tumatir na waccan shekarar. Bayan ƴan makonni ƙananan ƙudaje baƙaƙe suka cika rumfar, in ka tono saiwa sai ka tarar da farar tsutsa mai baƙin kai tana ci. Dashe ya dinga kwantawa. Ledojin da na cika da takin da ban fesa ba kuwa, ɓarnar kaɗan ce. Na kwana biyu ina juya abin a raina.

Ɗan ƙanwata, mai karatun noma a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, shi ya warware mini da ya zo hutu. Ya fito da ɗan gilashi mai ƙara girman abu, ya ɗora ɗaya a kan farar takarda.

"Kawu, ƙirga ƙafafunta."

Na ƙirga takwas. Ba fiffike, ba ƙahon nan na ƙwari. Ƙafafun gaba biyu dogaye, tana ɗaga su tana lalube kamar makaho da sanda, domin irin wannan ba ta da ido. Ya ce dangin kaska ce da gizo-gizo, amma ba ta shan jinin kowa, farauta take yi. Abincinta ƙwan ƙuda, da tsutsar da ta ci mini dashe, da ƴan tsutsotsin ƙasa da ido ba ya gani, dangin masu sa saiwar tumatir ta yi ƙulli. Har ƴan siraran ƙwarin nan da ke ɓuya a hammatar ganyen albasa su mayar da shi fari-fari, akwai lokacin da suke sauka ƙasa kafin su yi fiffike, kuma a nan ake taron su. Ya ce a Turai har sayar da wasu irinsu ake yi cikin kwalba, a zuba a ɗakunan renon shuka. Ni kuwa Allah ya ba ni kyauta, na biya kuɗi na kashe.

Ya haɗa mini wani tarko da mazurari da rariya da ƙwan lantarki. A zuba ruɓaɓɓen ganye a rariya, a kunna wuta daga sama, zafi da bushewa su kora su ƙasa, su faɗa kwalba. Wani Ba'italiye mai suna Antonio Berlese ya fara dabarar a 1905. Bayan kwana huɗu muka duba: masu gudu, masu tafiyar kunkuru da ƙoƙon baya mai sheƙi, farare, ja-ja, kowane da siffarsa. Ya ce akwai zuri'o'i sukutum na waɗannan maharba da masana ba su gama bincike a kansu ba, balle na ƙasashenmu na Sahel. Wannan ya tsaya mini a rai. Muna taka su kullum, kuma ko suna ba mu raɗa musu ba. Yarana dai "ƴan farauta" suke ce musu.

Daga nan aikin ya canja. Kwalbar feshi ba ta sake kusantar rami ba. Na daina shanya taki a rana don ya yi sauƙin ɗauka, domin a bazarar Tawa, da zafi ke wuce digiri 40, rana ɗaya a fili ta isa ta kashe abin da ke sama. Yanzu da ɗan danshinsa nake zubawa a buhu, in ajiye a inuwa. Buhun ya fi nauyi, jaki ya fi wahala, wasu masu saye kuma suna zargin ruwa nake sayar musu. Ba na jayayya. In ɗebo hannu guda in baza a farar takarda, in ba mutum gilashin. Kuma duk ramin da muka kwashe, muna barin kwando biyu na tsohon taki, mu zuba a sabon bayan zafinsa ya sauka, kamar yadda mai nono ke barin iri a ƙwarya.

Makon jiya wani dattijo mai albasa ya daɗe a durƙushe da gilashin a ido. Da ya ɗago ya ce, "Malam, to in na kai su garkata, me za su ci?" Na ce, "Baba, ka rufe musu ƙasa da ƙaiƙayi, kada ta bushe, abincin yana nan yana jiransu." Ya ɗauki buhu 6, ya kuma ce in aiko masa da gilashi irin nawa in yaron ya sake zuwa daga Yamai.