Ranata ta farko a markaz

Makka, daren Laraba

Sai yanzu na samu zama, sha ɗaya saura kwata. Rigata har yanzu ƙaurin hayaƙi take yi, amma ba na son in kwanta ban rubuta yadda yau ta kasance ba.

Tun kafin kiran asuba Umma ta tashi. Na iske ta dama kunun gyaɗa ta cika min fulas. Ba ta ɗauko zancen aikin ba, don ta gama faɗin nata tun ranar da saƙon Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, ya shigo wayata cewa an ɗauke ni a Difa'ul Madani, waɗanda tsofaffinmu na unguwar Shara Mansur har gobe suke kira 'yan kwana-kwana. Ranar kuka ta yi, kuma na san dalili. Tana Mina a hajjin 1997, tana taya yayarta girkin alhazai, lokacin da wuta ta tashi iska ta kwashe ta cikin tantuna. Mutum sama da 340 suka rasu, tanti wajen 70,000 ya ƙone. Bayan nan ne aka kafa fararen tantunan nan da wuta ba ta ci, aka kuma hana shiga Mina da tukunyar gas lokacin Hajji. Ba a haife ni ba a lokacin. Ita abin da ya zauna mata a rai silifas ne, warwatse a ƙasa babu masu su. Yau da zan fita sai ta dafa kaina ta ce, "Allah ya tsare, ya dawo min da kai lafiya."

A markaz, wato tasharmu ta kashe gobara, aka yi layi, aka kira suna, aka damƙa ni hannun wani raƙib, wato saje, dattijo mutumin Ɗa'ifa wanda furfura ta fara cin gemunsa. Bai tambaye ni abin da na koyo a wurin horo ba. Motar nan ruwan ɗorawa ya kai ni, ya sa na buɗe kowace ma'ajiya na faɗi abin da ke ciki: tiyo, gatari, almakashin yanka ƙarfe, tsani, tukunyar iska. Da na gama ya ce in rufe ido in sake. Ya ce a cikin hayaƙi hannu ne yake gani.

Kira na farko ya shigo wajen ƙarfe goma, kuma ba gobara ba ce. Lif ne ya maƙale da masu Umara a wani masauki a unguwar Misfala, tsakanin hawa na shida da na bakwai. Muna isa muka ji ana dukan ƙofa daga ciki. Abokan aikina suna ta yi musu Larabci, su yi haƙuri, su daina taɓa ƙofar, amma dukan sai ƙaruwa yake. Can na tsinkayi muryar wata tsohuwa tana cewa, "Wayyo Allah, numfashina, ku taimake mu!"

Ban san lokacin da na durƙusa na kai bakina jikin ƙofar ba. Na ce, "Sannu Iya. Ki kwantar da hankalinki, ga mu nan, ba inda za mu sai kun fito."

Aka yi tsit. Sai ta ce, "Ɗan nan, kai Bahaushe na?" Hausarta irin ta Sakkwatawa ce.

Na ce, "Ɗanki ne, Iya."

Daga nan aiki ya yi sauƙi. Na gaya musu iska tana shiga ɗakin lif, ba za ta ƙare ba. Na sa suka zaunar da ita a ƙasa, suka ja baya daga ƙofa, na hana wani saurayi da ke ƙoƙarin ɓanɓare ta da hannu, don nan ne haɗarin yake. Raƙib da mutum biyu suka hau ɗakin inji, suka kashe wutar lif ɗin, suka saki birki da hannu a hankali har ya daidaita da hawa na shida, sannan muka buɗe da makulli. Duk tsawon lokacin hira nake ja da ita. Ta ce wannan ne zuwanta na farko, shekara tara tana tara kuɗin da sana'ar ƙuli-ƙuli.

Da ta fito ta riƙe hannun rigata ta ƙi saki. Ta tambayi asalina. Na ce mata kakana daga Kano ya taso a ƙafa, ya yi shekaru yana aikin auduga a Jazira ta Sudan, ya haye teku daga Sawakin, ya zo ya sauke farali ya zauna. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ya raba ka da wuta duniya da lahira." Idona ya kawo ruwa a gaban mutane, ban kuma ɓoye ba.

Ina yaro nakan yi shiru da Hausa in na fita daga unguwa. Kakana ne ya tsaya kai da fata cewa a gidansa ba a amsa masa da wani harshe. Allah ya jiƙansa. A mota raƙib ya juyo ya ce daga yau duk kiran da ya shafi alhazan Najeriya ko Nijar, ni zan shige gaba.

Gobarar ta zo bayan magariba, a wata unguwa ta kan dutse inda mota ba ta iya hawa. Da ƙafa muka ja tiyo a kan matakala. Man suya ne ya kama a tukunya, wani ya sheƙa masa ruwa, wutar ta yi tsalle ta kama silin da labule. Wannan abu yana ci min rai, don da an kashe gas an rufe tukunyar da murfi, da shi ke nan. Na goya tukunyar iska, na bi bayan mai riƙe da bakin tiyo, muka shiga da rarrafe saboda hayaƙi sama yake taruwa. Ba na ganin komai, sai dugadugan na gabana da ƙarar numfashina cikin abin rufe fuska. Kicin ya ƙone ƙurmus, amma kowa ya fita da rai.

Ɗazu na kira Umma. Ta fara tambayar ko na sha kunun. Na ba ta labarin tsohuwar da addu'ar da ta yi min, ta ce amin har sau uku. Sai ta yi ɗan shiru, ta tambayi sunan masaukin da hawa na nawa. Ta ce gobe in na sauka daga aiki in biyo gida tukuna, za ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka mu kai mata tare.