Ƙarar da mota ke yi a kan ƙanƙara

Shekara 11 na yi ina kanikanci a Kano kafin na zo Winnipeg, babban birnin lardin Manitoba a Kanada. Abin da maigidana na farko ya dasa mini a kai tun ina yaron gareji shi ne mota mai lafiya ba ta magana. Da ka ji ƙara, wani abu ya kwance ko ya cinye. Na yi aiki da wannan karatu shekara da shekaru, kuma bai taɓa ba ni kunya ba sai a hunturuna na farko a nan.

Wata Hajiya 'yar ƙasarmu ce ta kawo Corolla a watan Janairu, lokacin da sanyi ke sauka ƙasa da sifiri da digiri 30. Ta ce, "Malam, da na taka birki sai in ji gurrr-gurrr a gaba, birkin yana ture mini ƙafa. Wani lokacin ma in na sha kwana sai in ji gwaf. Ina ɗaukar yara a motar nan, tsoro nake ji." Ban tsaya dogon tambaya ba. Na ɗaga motar, na girgiza tayoyi, na sa ƙarfe na zungura bol joyin da tairod, wato mahaɗan da ke riƙe taya da juya ta, duk garau. Linkej ɗaya, ɗan ƙarfen da ke haɗa sandar rage rangajin mota da ƙafarta, na ga ya ɗan saki, na canza biyun, ta biya ta tafi. Bayan kwana uku ta dawo, ƙarar tana nan yadda take. Har yau abin yana damuna, don kuɗinta na karɓa a kan abin da ba shi ta zo nema ba.

Maigidan garejin, wani dattijo ne da kakanninsa suka zo daga Yukren, bai yi mini faɗa ba. Ya karɓi makulli ya ce in shiga. Muka je wani fili da ake ajiye motoci, babu kowa, ƙasan ya daskare yana sheƙi kamar gilashi. Ya ce in ɗan ja in taka birki da ƙarfi, kada in ɗaga ƙafa. Nan take ƙarar ta taso, birkin yana bugun tafin ƙafata. Sai ya ce mu koma babban titi inda aka zuba gishiri kwalta ta fito, in sake takawa. Shiru. Ya dube ni ya ce, "Ka tambaye ta a ina take jin ƙarar?"

ABS ne yake aikinsa, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki. Ba wai ban san shi ba, na sha kwance shi a motocin da ake shigowa da su ta Kwatano, amma a busasshiyar kwaltar Kano da wuya ka ji shi ya tashi, kuma da yawa ma fitilarsa a kunne take, babu mai damuwa. Kowace taya tana da na'urar da ke ƙirga juyawarta daga wani zobe mai haƙora. Idan kwamfutar motar ta ga taya ɗaya na neman tsayawa cak alhali mota na tafiya, sai ta saki man birkin wannan tayar ta sake matsewa, sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Famfon da bawul ɗin da ke wannan aiki su ne ke gurnanin. A kan ƙanƙara taɓa birki kaɗan ya isa ya tayar da shi. Ƙananan motocin da aka ƙera don sayarwa a Kanada tun daga Satumban 2011 kuma dole suna da na'urar hana mota juyawa a santsi, wadda ke kama birkin taya ɗaya da kanta idan ka sha kwana motar ta fara zamewa, ko da ba ka taka komai ba.

Gwaf ɗin kwanar Hajiya kuwa wani abu ne daban. Dusar ƙanƙara da taya ke watsawa ta taru a bayan tayar gaba, ta daskare ta zama dutse kamar girman kan mutum, baƙi ƙirin da yashi. In ta juya sitiyari sosai sai taya ta doke shi. Ranar farko ban gan shi ba saboda motar ta jira layi a cikin ɗumin gareji, ya narke ya faɗi kafin in zo kanta. Na kira Hajiya na nuna mata, na mayar mata da kuɗin aikina, na kuma ce mata idan birkin ya fara bugun ƙafarta kada ta saki, kada ta yi masa famfo irin yadda muka saba a gida. Ta danne, ta riƙe sitiyari.

Sai dai na kusa faɗawa wani ramin. Bayan wannan, duk wanda ya zo da ƙarar birki a hunturu sai bakina ya yi saurin cewa ABS ne. Wani mai akori-kura ya zo da irin wannan gurnani sak, na kusa sallamarsa, sai na tuna tambayar maigida. Da na tambaye shi, mai motar ya ce a cikin garejin gidansa ma yana ji, a kan busasshen siminti, daidai lokacin da motar ta kusa tsayawa. Nan na san akwai matsala. Da na cire taya na ga tsatsa, wadda gishirin titi ke jawowa, ta kumbura a ƙarƙashin zoben haƙoran ta tsaga shi. Na'urar tana karanta ƙarya, kwamfuta tana sakin birki a inda babu santsi, motar tana wuce inda ya so ta tsaya. Ƙara ɗaya, a ƙanƙara lafiya, a busasshiyar ƙasa haɗari.

Daga nan kunnena ya fara rarrabe su. Gwaf guda ɗaya tak, lokacin da ka fara taka birki ko ka canza daga baya zuwa gaba, wannan ba ABS ba ne. Takalmin birki ne ke wasa a mazauninsa, ko bushin ɗin lowa am, wato robar da ke jikin ƙarfen da ke riƙe taya ta ƙasa, ya tsage, ko kuma, wanda ya fi tayar mini da hankali, ƙusar kalifa, abin da ke matse takalmin birki, ta kwance. Ƙas-ƙas-ƙas mai bin juyawar taya idan ka karya kwana kana ba da wuta, kan shaf ne, wato mahaɗin sandar da ke juya taya, robarsa ta yage ruwan gishiri ya wanke giris. Linkej da shokozoba su a gargada suke magana, kuma ƙananan titunan Winnipeg a hunturu duk gargada ce ta daskararriyar ƙanƙara.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne roba. A irin wannan sanyi bushin yana sandarewa kamar katako, ya yi ta ƙara, amma da motar ta yi sa'a biyu a cikin gareji sai ya yi laushi ya yi shiru, mai mota ya zama kamar maƙaryaci. Yanzu idan mutum ya ce da safe yake jin abin, ba na shigar da motarsa ciki. Ina barinta a waje ta kwana, a jona wayar ɗumama inji a soket kamar yadda kowa ke yi a nan. Da sassafe in kira shi ya zo, ya zauna a mazaunin direba ni ina gefe, mu bi ainihin hanyar da yake bi zuwa aiki, gilashi a sauke duk da sanyin, har sai ya ce, "Ka ji ta nan."