Na je duba Yaya a gidan Gwaggo

Yau Asabar da hantsi na leƙa gidan Gwaggo domin in duba Yaya, wanda aka sallamo daga asibiti makon jiya. Na tafi da murnata, har na tsaya a hanya na sayi lemo, saboda Inna ta shaida mini cewa ya fara cin abinci da hannunsa. Na same shi kan tabarma a gindin darbejiya, ya rame ƙwarai amma idonsa ya washe, kuma yana ganina ya kira ni da sunan tsokanar da ya laƙaba mini tun muna yara.

Na ɓare masa lemo, na shiga ɗaki muka gaisa da Gwaggo. Da muka fito tare, sai ya ɗago kai ya ce, "A'a, ƙanwata, yaushe a gari? Sannu da zuwa." Ɓawon lemon yana nan a gabansa, hannunsa ma bai bushe ba. Gwaggo ta yi dariya ta ce, "Kai dai ba ka rabuwa da wasan taubasantaka, ba yanzu kuka gaisa ba?" Shi ma ya yi dariya, amma na ga yadda ya dubi fuskokinmu yana neman abin da ya wuce shi, kuma wannan kallon ne ya hana ni sakat har yanzu.

A kicin na ce mata, "Gwaggo, ba da gangan yake yi ba." Ta ce mutumin da ya karanta Yasin da ka bayan sallar asuba, ya kuma lissafa masu bashinsa na kasuwa ɗaya bayan ɗaya, ba za a ce ƙwaƙwalwarsa ta taɓu ba. Na yi ƙoƙarin maimaita mata bayanin likita, cewa ƙwayar cutar herpes simplex, wadda takan fitar da ƙuraje a gefen leɓe bayan zazzaɓi, kuma yawancin mutane suna ɗauke da ita ba tare da ta cutar da su ba, a wasu 'yan tsiraru takan kai ga ƙwaƙwalwa ta kumbura sashen da ke daura da kunne, inda ake adana sababbin abubuwa. Shi ya sa karatun allo da tsohon bashi suke nan daram, amma gaisuwar ɗazu ta ɓace. Maganin acyclovir da aka riƙa yi masa ta jijiya duk bayan awa 8 har kwana 21 yana hana ƙwayar cutar yaɗuwa ne kawai, ba ya dawo da ɓangaren da ya riga ya lalace.

Abin da ke ci mini rai shi ne kwanakin da aka ɓata. An fara da maganin zazzaɓin cizon sauro, da ya fara sambatu aka ce iska ce, sai da jijjiga ta kama shi aka nufi asibiti, can ma aka yi ta ja-in-ja kafin dangi su yarda a ɗebi ruwan ƙashin bayansa. Cutar da takan kashe kusan kashi 70 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa magani ba, ba ta jiran a gama shawarar dangi. Mun gode wa Allah da ya bar mana shi.

Yanzu Gwaggo tana so ya koma shago bayan salla, ni kuwa ina tunanin mutumin da zai karɓi kuɗi ya manta ya karɓa, ko ya ba da canji ya sake bayarwa. Na bar masa littafi da biro don ya riƙa rubuta wanda ya zo da lokacin shan magani. Ranar Litinin za su koma ganin likita, kuma na roƙi Kawu ya sa likitan ya yi wa Gwaggo bayani da bakinsa, domin a wurinta har gobe ni yarinya ce.