Hajiya da fensir a ajin dare

Yau a ajinmu na shirin jarrabawar zama ɗan ƙasa a nan Bronx da ke birnin New York, malama ta yi mana shiftar Turanci irin wadda jami'in USCIS, hukumar shige da fice da ba da zama ɗan ƙasa ta Amurka, ke yi: jimla uku, ka rubuta ɗaya daidai ka wuce. Wata Hajiya 'yar zongon Kumasi da ke kusa da ni ta ɗora fensir a gefen dama na takarda, yadda ta saba a makarantar allo, sai ta tuna, ta yi dariya ta komo hagu. Harafi-harafi ta bi har ta rubuta cewa Washington ne shugaban Amurka na farko. Ta turo mini takardar ta ce, "Ɗana, duba mini, ko na ci gyara?" Wallahi ko ɗaya babu.

Shekararta 58, ta yi 12 da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin. Da ta ƙara haƙurin shekara 3, doka ta ɗauke mata gwajin Turanci, ta amsa tambayoyin tarihi da gwamnatin Amurka da Hausa ta bakin tafinta. Ta ce ita ba ta jira, so take ta jefa ƙuri'a tun da ƙarfinta. Ni da na yi sakandare nake ta jan ƙafa da cike fom ɗina, gaskiya ba ni da sauran uzuri.