Shekara tara ina gaban injin fere katako kafin na gane kunnena na tafiya

Tun ina yaro aka kai ni shagon kafinta, kuma gaskiya babu wanda ya taɓa ce min ƙarar inji na cin kunne. Abin da oga ke nanata mana kullum shi ne ku kula da yatsunku, shikenan. Ƙara kuwa a wajenmu alamar akwai aiki ce, ranar da layin ya yi tsit sai ka ji ana cewa yau ba kasuwa.

Maiɗakina ce ta fara lura, sai ta kira ni sau biyu sau uku ban juyo ba, rediyo kuma kullum ina ƙara murya. Abin da ya fi damuna shi ne wajen ɗaurin aure ko cikin taro, ina jin mutane na magana amma kalmomin sun cakuɗe ban iya rarrabe su. Da daddare kuma in na kwanta sai kunnen hagu ya dinga shuuu kamar rediyon da bai kama tasha ba, kuma ta hagun nake tsayawa jikin inji.

Da na je asibiti suka gwada ni, likita ya yi min bayani cewa can cikin kunne akwai wasu ƙananan abubuwa kamar gashi masu ɗaukar sauti, ƙara mai yawa na kashe su a hankali kuma in sun mutu ba sa dawowa. Wallahi wannan maganar ta tsaya min a rai. Ana auna ƙara da desibel, hirar yau da kullum wajen 60 ce, 85 kuma ita ce iyakar da mutum zai zauna ciki awa 8, duk ƙarin 3 sai lokacin ya ragu da rabi, wato 88 awa 4, 91 awa 2, kafin ka kai 100 saura minti 15 kacal. Na sa manhajar awo a waya na gwada namu lokacin da falankin maɗaci mai faɗi ke cikin inji, sai ga shi ta haura 100, ga janareta a gefe ga rufin kwano na dawo mana da ƙarar, mu kuma a haka muke wuni.

Da farko auduga na cusa, ashe ba ta tare komai sosai. Matoshin kunne na soso ya fi, amma sai ka murza shi ya yi siriri, ka ja kunnen sama da ɗaya hannun, ka tura ka riƙe har ya kumbura. Na ji tsoron kar in daina jin kukan inji tunda da kunne muke gane katako ya cije, toh ana ji sarai, zafin ƙarar ne kawai ke raguwa. Janareta muka fitar bayan katanga, muka shimfiɗa roba ƙarƙashin injina muka ɗaure kusoshin da suka saki, sannan na daina jinkirin kai zarto wasawa don dakusasshen zarto ya fi ihu kuma ya fi saurin cillo maka katako a ciki.

Akwai ranar da ba zan manta ba. NEPA suka ɗauke wuta, yaron shagona ya bar makunnin inji bai kashe ba ya sa hannu yana share dusar katako kusa da haƙoran zarto, na ga ƙwan fitila ya kawo na ƙwalla masa kira amma janaretan maƙwabta ya haɗiye muryata. Allah ya kiyaye hannun riga kawai ya kama, jikina ya daɗe yana rawa. Tun ranar in an ɗauke wuta kowa ya kashe injinsa, in za a canza zarto ko shara sai an zare waya daga soket, ba babbar riga ba safar hannu a gaban inji, ƙarshen katako da sanda ake tura shi, in na ɗaga hannu sama kuma kowa ya san tsayawa ake nufi.

Shuuu ɗin nan har yau yana nan, musamman bayan isha'i in gida ya yi shiru. Yanzu duk yaron da aka kawo min, matoshin kunne nake fara miƙa masa kafin guduma, akwai ɗaya ma da har yanzu yake cirewa in na juya baya, jiya sai da na zaunar da shi na ba shi labarin kunnena na hagu.